Turke na Uku Daga Tsamiya

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. In na fito sallar asuba a tare ni, in na zauna majalisar ƙofar gidan su Kabiru a tare ni, har mai wankin hula na bakin titi sai da ya tsayar da ni ya ce wai da gaske ne burodin can ya kai tsawon hannu? Masu son kilishi sun karɓi nasu, ya ƙare tun ranar farko. Saura masu son labari. To ga shi na zauna na rubuta daga farko har ƙarshe, duk wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa ya karanta, ni ma in samu in sha ruwa.

Amma kafin mu shiga mota dole in faɗi halin da na tafi a ciki, don ba shan iska na je ba. Kusan wata shida ke nan da na fara aiki a wani ƙaramin kamfanin haƙa rijiyar burtsatse da ke wajen Kongo a nan Zariya. Aikina gwajin ƙasa ne. Mu kafa turaku a jere, mu ja waya, na'ura ta ba mu lambobi, daga lambobin a gane inda ruwa yake kafin a kawo motar haƙa. Ɗaukar gwaji aka yi mini. In wata shida ya cika shugabar sashenmu za ta rubuta rahoto a kaina, ko a tabbatar da ni, ko a ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Saura mako ɗaya ya cika aka ce in shirya, zan bi ta Nijar.

Shugabar ita ce Injiniya Hajiya Hadiza. Ta kusa shekara talatin tana wannan aiki. 'Yar ma'aikacin jirgin ƙasa ce, ta tashi gari-gari a gidajen reluwe, kuma in za ta faɗi magana ba ta yi mata riga. Ba muguwa ba ce, sai dai ba ta da lokacin kewaye-kewaye. Na san ba ta gamsu da ni ba, don ta daina ba ni aiki mai nauyi, in ma ta ba ni sai ta maimaita bayani sau biyu a hankali kamar mai magana da kurma. Abin yana cin raina, na kuma rasa laifina.

Ni kuwa a zaure na tashi. Mahaifina malami ne a nan Tudun Wada, kakana ma haka. A zaurenmu ɗalibi ba ya cewa malam ya yi kuskure. In Malam ya zame a karatu, ya tsallake layi ko ya juya wata mas'ala, ba mai cewa "ba haka ba ne". Sai ɗalibi ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta Malam, ban gane wannan wurin ba." Malam ya sake dubawa, ya gani da idonsa, ya gyara, karatu ya ci gaba, ba wanda ya ji kunya. Da wannan na girma, da shi na shiga ofis. A jami'a ba a nemi bakina ba, rubutu aka nema, na kuma rubuta. Wallahi ban taɓa kawowa a raina cewa akwai babba a duniya da bai san ma'anar wannan maganar ba.

Dalilin tafiyar kuwa, wani Alhaji ne ɗan kasuwa a nan Zariya, asalinsa wani ƙauye gabas da Damagaram. Yana son yi wa mahaifiyarsa marigayiya sadakar rijiya a ƙauyensu. Sau biyu ana haƙawa ana tarar da dutse busasshe. Ya ce wannan ne na ƙarshe, in ba a samu ba ya haƙura ya gina wani abu daban. Mu za mu yi gwaji mu nuna wuri, motar haƙa kuma daga Damagaram za ta zo.

Mun tashi bayan sallar asuba mu uku: Injiniya a gaba, ni a baya tare da akwatin na'ura kamar ni ne mai jegonta, sai direbanmu Malam Tanimu, dattijo mai farin gemu wanda ba ya gudu, ba ya kuma bari a wuce shi ba tare da ya yi wa mai wucewar addu'ar shiriya ba. A Kano muka tsaya muka karya da ƙosai da kunu. Daga nan Kazaure, Daura, ba mu sake tsayawa ba sai kan iyaka a Kwangwalam, rana ta take tsaka, zafin bazara kamar a gasa gurasa a kan bonet.

Ɓangarenmu ba a ɓata mana lokaci ba. Da muka tsallaka, jami'in duwan, wato kwastan ɗinsu, ya karɓi takardar kayan aikinmu, ya sa na buɗe akwati, ya duba lambar da ke jikin na'ura, ya duba takarda, ya sake duba na'ura. Gabana ya faɗi, don na san abin da zai gani. Lambar tsohuwar na'urarmu ce a takardar, wadda take wurin gyara, mu kuwa sabuwar muka ɗauko. Tun a ofis na lura. Na kai wa Injiniya takardar na ce, "Hajiya, ban gane wannan lambar ba." Ta ce, "Lambar na'ura ce, Nasiru, me za a gane a ciki? Sa a jaka." Na sa a jaka, ina zaton ta duba ta ga ba matsala.

Jami'in nan mutumin kirki ne, har kujera ya sa aka ba Injiniya, amma ya ce shi abin da ke takarda shi zai shiga ƙasarsu. Sai da aka kira ofis, aka sake buga wata, aka turo ta waya, muka yi yawon neman mai injin buga takarda wanda wutarsa ba ta ɗauke ba. Awa huɗu muka yi. Injiniya tana ta faɗa da kanta, tana cewa yaya aka yi ba wanda ya gani. Ni dai na yi tsuru-tsuru a gindin wata bishiyar dogonyaro.

Nan Malam Tanimu ya same ni da ruwan leda biyu. Ya zauna, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Malam ƙarami, ranar da aka ba ka takardar nan ina ofis ina jiran makulli. Na ji abin da ka ce. Ni ma na yi zaman zaure shekara bakwai kafin in kama sitiyari, na san wannan karatun."

Na ce, "To ai na faɗa mata, Baba Tanimu."

Ya ce, "Ka faɗa wa ɗan zaure. Ita ba ta jin wannan yaren. In ka ce ba ka gane ba, abin da take ji shi ne ba ka gane ba."

Na yi dariyar yaƙe na ce haba, mace mai ilimi kamarta. Ya ce to, ya tashi ya je duba tayoyinsa. Na yi ta juya maganar har Matamaye, amma ban yarda da ita ba. Na ce a raina tsoho ne kawai yake son nuna ya san abu.

Mun shiga Damagaram dab da magariba. Ƙanen Alhaji, Malam Habu, shi ya tarbe mu ya kai mu wani masauki mai tsabta, ɗaki da fanka mai ƙara kamar injin markaɗe. Hausa ɗaya muke yi da mutanen can, amma sai ka kasa kunne. Asibiti su ce likita, makaranta su ce lakwal, jarka su ce bido, in an gama magana a rufe da "dakor", wato "to, na yarda". Lokaci kuwa in ka tambaya da Faransanci za a ba ka, ka yi ta gyaɗa kai kamar ka fahimta. Da safe aka kawo burodin da mai wankin hula yake tambaya. E, ya kai tsawon hannu, har ya ɗan wuce. Ɓawonsa kuwa, gatsa ɗaya na yi ya yanke mini dasashi. Sai da na ga Malam Habu yana tsoma nasa a shayi na gane ba da ƙarfi ake yi ba.

Shayin ma sai da ya kunyata ni. An zuba mini a ɗan kofin gilashi wanda bai wuce kurɓa uku ba, ɗaci kamar maganin zazzaɓi. Na daure na shanye, na yi godiya, na miƙe zan je haɗa kaya. Malam Habu ya riƙo hannuna ya ce, "Ina zuwa? Wannan na fari ne. Akwai na biyu, akwai na uku. Ba a tashi a tsakiya." Mu a Tudun Wada mai shayi ya cika maka kofi har baki da madara, ka sha a tsaye ka wuce. Su kuwa zama ne na musamman, ana tafasawa ana sheƙawa daga sama ana hira. Na ukun ya fi daɗi, gaskiya, sai dai kafin a kai gare shi rabin safiya ta tafi.

Ƙauyen yana da tafiyar awa ɗaya da rabi, rabinta a rairayi. Sau biyu motarmu ta kafe muka fito muka tura, Injiniya ma ta tattare zani ta sa kafaɗa. A gidan su Alhaji aka sauke mu, aka kawo fura mai sanyi a ƙwarya. A can fura ba abin marmari ba ce, ita ce abincin safe da na rana, tuwon gero sai da yamma. Na ji jikina duk yashi, na roƙi bokitin ruwa in watsa. Aka kawo mini cike, na yi wanka irin na Zariya, na zubar da ragowar a ƙasa. Ina fitowa na ga mata da 'yan mata suna shigowa da amalanken jaki, bido shida a kai, tun da sassafe suka tafi. Malam Habu ya ce rijiyar da suke zuwa ta fi tafiyar awa biyu. Ban sake roƙon ruwan wanka ba har muka bar garin.

Washegari muka fita gwaji. Injiniya ta zaɓi layi a bayan gari, daga wani tsohon garke a gabas zuwa wata babbar tsamiya a yamma, muka kafa turaku goma. Ƙasar can dutse ne a ƙarƙashi, ruwa ba ya samuwa sai inda dutsen ya tsage, don haka tazarar turke ɗaya ma tana iya raba ka da shi. Muna shirin farawa aka aiko maigari yana son ganin Injiniya, ga matan gari ma sun taru suna son su ga macen da ke neman ruwa da waya. Ta ce mini, "Ɗauki lambobin kawai. Kar ka fassara komai." Ta tafi.

Ƙa'idarta kullum daga gabas ake fara ƙirga turaku. To a gabas ɗin shanu sun kwanta a kan layin, makiyayin ya ce a ba shi lokaci, rana ta yi zafi ba za su tashi ba. Sai na fara daga tsamiya, na kira turken wurin na ɗaya, na bi har na goma a garke, lokacin shanun sun tashi. Na so in rubuta lamba a jikin kowane turke, alƙalamin ya bushe ƙaf da zafi. Sai na juya shafin na rubuta a baya da ƙananan baƙaƙe: an fara daga tsamiya. Da la'asar Injiniya ta karɓi littafin, ta zauna da kwamfutarta, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Turke na uku. Nan tsagar take." Ni ma da na leƙa abin da na gani ke nan, na ji daɗi a raina.

Motar haƙa ta iso da hantsi kashegari. Ni ina gidan su Malam Habu ina jiran batirin na'ura ya cika a jikin faifan sola, don haka ban isa fili ba sai da aka kusa gama daidaita ta. Mai motar wani ƙato ne mai suna Shef Lawali, murya kamar ganga. Mataimakiyarsa wata matashiya ce, Mariyama, sa'ata, ita ma ba ta daɗe da gama karatu ba. Ina isowa na ji tana cewa, "A'a Shef, ba haka ba ne. Ƙafar hagu ta nutse, motar ta karkace." Na tsaya cak, ina jiran in ga an kore ta. Shef ya sunkuya ya leƙa, ya ce, "Wala, kin yi gaskiya. A ɗaga." Shi ke nan. Ba wanda ya ko ɗaga kai. Daga baya na tambaye ta ba ta jin nauyinsa ne? Ta ce tana ji mana, kamar uba yake a wurinta, amma ranar da ya ɗauke ta ya gaya mata duk ranar da ta ga zai yi ɓarna ta yi shiru, ranar za ta koma gida.

Ina cikin mamakin wannan na ɗaga ido na ga inda aka kafa motar. Kusa da garke. Tsamiya tana can nesa. Injiniya ta ƙirga uku daga gabas yadda ta saba, wato a turke na takwas a lissafina aka kafa, inda lambobin suka nuna dutse ne zalla.

Na matsa kusa da ita na rusuna na ce, "Hajiya, ban gane yadda aka ƙirga turakun nan ba."

Ba ta ko juyo ba ta ce, "Ɗaya, biyu, uku, Nasiru. Me ya rage?"

Na koma gefe. Na jira ta sake dubawa, yadda Malam yake yi a zaure. Ba ta duba ba. Aka ɗora ƙarfen haƙa na farko. Na sake matsawa na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, har yanzu dai ban gane ba."

Wannan karon ta juyo. Ta cire tabarau ta ce, "Nasiru, don girman Allah. Wata shida. In ƙirga uku ma sai an zaunar da kai, to ni ban san me zan rubuta a kanka ba. Je ka zauna a inuwa."

A gaban Shef, a gaban Mariyama, a gaban mutanen gari. Na tafi inuwar motarmu jikina a sanyaye. Malam Tanimu yana zaune a can yana jan carbi. Ya ce, "Sau biyu ke nan na ji ka. Me ka gani?" Na gaya masa. Ya ajiye carbin ya ce, "To ni direba ne, ba ni na rubuta lambobin ba. Kai ka rubuta. In ka bari aka huda nan, ba ladabi ka yi ba. Matan nan na amalanke su za su sha wahalar kunyarka, kai kana Zariya kana wanka da bokiti biyu."

Aka tayar da injin iska. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da motar haƙa ya san ƙarar, ko mutum yana jikinka sai ya yi ihu. Na tashi. Na isa gabanta na ce, "Hajiya, kin yi kuskure." Ni kaina ban ji muryata ba. Ta nuna kunnenta. Na ƙara ɗagawa, ta girgiza kai. Maganar da ban taɓa faɗa wa babba ba ko da raɗa, ita ce Allah ya sa sai da na buɗe maƙogwaro na kwarara ta har mutanen bakin garke suka waiwayo: "Hajiya, kin yi kuskure! Ba nan ba ne!"

Ta ɗaga wa Shef hannu, aka kashe inji. Wurin ya yi tsit. Na miƙa mata littafin, na juya shafin, na nuna mata rubutuna na baya, na gaya mata labarin shanu da alƙalami. Ta karɓi littafin. Ta taka da ƙafarta har tsamiya a cikin ranar nan, ta ƙirgo turakun ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a na uku, ta dubi littafi, ta dubi ƙasa. Ni kuwa na gama sallama da aikin a raina, har na fara tunanin abin da zan gaya wa Inna.

Ta dawo ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Shef, a sauke. Kuskurena ne, ban tambayi inda aka fara ba." Shef ya riƙe kai ya yi ta surutu da Faransanci, wanda na gode Allah ban ji ba, don sauke motar da sake kafa ta aikin awa biyu ne. Sannan ta juyo kaina ta ce, "Kai ma ga naka. Bayanin da ya fi komai muhimmanci ka kai shi bayan takarda ka ɓoye. Daga yau a saman shafi, da manyan baƙaƙe." Na ce to. Wallahi ban taɓa jin daɗin faɗa kamar wannan ba.

Sai dai daɗin bai daɗe ba, don yanzu magana ta dawo kaina. In aka haƙa a wurin da na nuna ba a samu ruwa ba fa? Aka fara. Duk ƙarfen da ya shige, Mariyama ta tari garin dutsen da ke fitowa ta zuba a ƙasa, tsibi-tsibi a jere, don a ga abin da ake ratsawa. Fari fat, busasshe, tsibi bayan tsibi. Har aka tashi aiki da yamma an wuce mita arba'in ba alamar danshi. Malam Habu ya ce haƙan baya na biyu ma a wajen wannan zurfin aka tsaya aka haƙura. Tuwon ranar ban iya cinsa ba, na dai taɓa don kar masu gida su ji ba daɗi.

Da safe aka ci gaba. Ƙarfe ɗaya, fari. Na biyu, fari. A tsakiyar na uku ƙarar injin ta sauya, garin ya fara duhu. Mariyama ta tara ta zo ta kama hannuna ta juye mini a tafi. Na dunƙule, ya dunƙulu. Kafin in buɗe baki taɓo ya fara fitowa, sai ruwa ja, sai ya yi tsiri sama ya jiƙa Shef tun daga hula har takalmi. Matan gari suka saki guɗa. Wata tsohuwa ta kutsa ta tari ruwan da hannu biyu ta shafa a fuska tun bai washe ba. Ni dai na zauna daɓas a ƙasa. Malam Tanimu ya ce me ya sami idona, na ce garin dutse ne, ya ce e, garin dutsen can yana da yaji.

A hanyar dawowa, bayan mun tsallake iyaka lafiya, Injiniya ta juyo daga kujerar gaba ta ce, "Nasiru, takardar na'urar nan da ka ce ba ka gane lambarta ba. Ka san ba daidai take ba?"

Na ce, "Na sani, Hajiya."

"Aikin Dutsen Abba fa, da ka ce ba ka gane zurfin da na rubuta ba?"

"Shi ma."

"Na Hanwa?"

Na gyaɗa kai. Malam Tanimu ya yi gyaran murya ya ba ta labarin zaure tiryan-tiryan, yadda ɗalibi yake yi in malam ya zame. Ta saurara har ya gama. Muka wuce Daura, muka doshi Kazaure. Can ta ce, kamar da kanta take magana, "Mu a gidanmu in ka ce ba ka gane ba, sai a sake yi maka bayani da ƙarfi. Ashe wata shida ina yi wa mai gyara ni bayani." Ta ce ita ma da sauranta, ya kamata tun tuni ta tambaye ni me na gani maimakon ta maimaita mini. Ta kuma ce ladabin nan kar in yar da shi, in ajiye wa masu jinsa, amma a bakin rami ba ta son sa.

Da na isa gida na ba Malam mahaifina labari a zaure bayan ɗalibai sun watse. Ina fargabar zai ce na yi rashin kunya. Ya yi dariya har da tari, ya ce shi in ya zame layi ne za a sake karantawa, rami kuwa in an haƙa shi ba ya komawa. Ya ce amma kar in kuskura in kawo masa ihun nan cikin zaurensa.

Ranar Litinin wata shidana ya cika. Injiniya ta kira ni ofishinta, ta ce in zauna, ta ciro wata takarda daga aljihun tebur. Ta ce, "Wannan rahotonka ne. Tun kafin mu tafi na rubuta shi, saura sa hannu. Karanta."

Na karanta. Ta rubuta cewa ina da ladabi da zuwa aiki a kan lokaci, amma fahimtata tana da nauyi, ina yawan buƙatar a maimaita mini abu, kuma ba ta ga alamar zan iya riƙe aikin fili ni kaɗai ba. A ƙasa ta ba da shawarar kada a tabbatar da ni. Na karanta sau biyu. Ta harɗe hannuwa tana kallona ta saman tabarau, ta ce, "Me ka gani?"

Kaina ya fara sunkuyawa da kansa. Na ji tsohuwar maganar ta taso har ta iso kan harshena. Na haɗiye ta, na ɗago, na ajiye takardar a gabanta na ce, "Hajiya, wannan kuskure ne."

Ta ce, "Wane wurin?"

Na ce, "Daga layi na biyu har ƙasa."

Ta ɗauki takardar ta yaga biyu, ta jefa a kwando, ta jawo sabuwa. Tana rubutu ba ta ɗago ba ta ce akwai gwaji ranar Laraba a bayan Hanwa, ni kaɗai zan je da Malam Tanimu, in kuma sayi alƙalamin da ba ya bushewa.